Rabi Kan Keke, Rabi Cikin Mota

A wannan wata za mu yi zance a kan wani abu wanda ya ke ci wa iyalai da yawa tuwo a ƙwarya, watau kuɗin motar zuwa wurin aiki.

Da wuya a sami gidan ma'aikaci inda ba a taɓa yin irin wannan zama ba. An karɓi albashi, yara sun kwanta, maigida da uwargida sun zauna da takarda da fensir. An fid da zakka, an fid da kuɗin haya, an fid da na masara da na makarantar yara. Sa'an nan aka dubi abin da ya rage, aka ga ba zai kai maigida wurin aiki har ƙarshen wata ba. Daga nan sai a yi shiru, ko kuwa wata magana marar daɗi ta fito wadda za a yi da-na-sani a kanta da safe.

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar cikin jawabinsa na kama aiki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin wannan rana farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura naira 500 a wurare da yawa, a watan Oktoba na 2024 kuwa ya wuce naira 1,000 a Abuja. Kuɗin mota ya bi bayansa, gama direba ba ruwa ya ke zuba wa tankinsa ba. Abin da mu ke so mu faɗa muku shi ne yadda waɗansunmu suka rage wannan nauyi da abin hawan kakanninmu. Amma mu yi bayani tun da wuri: in muka ce keke, ba mai ƙafa uku mu ke nufi ba wanda a ke kira Keke Napep. Muna nufin mai ƙafa biyu, wanda tsofaffi su ke kira basukur.

ABIN DA YA SAME MU

Mu huɗu ne malamai a wata makarantar firamare ta ekklesiya cikin garin Kaduna, maza uku da mace ɗaya. Dukanmu muna zaune kudu da kogi, cikin unguwannin da ke bayan Sabon Tasha, inda haya ta ke da ɗan sauƙi. Makarantar kuwa tana ƙetaren kogi, ana fara addu'ar safe da ƙarfe bakwai da rabi.

Da kuɗi ya yi wuya, sai muka fara takawa da ƙafa daga gida zuwa bakin titi domin mu tsira da kuɗin acaba. Wajen kilomita uku ne, yakan ci mana kusan minti arba'in. Kafin mu isa, masu jiran mota sun cika bakin titi, kowace mota ta zo cike ta ke. Ƙarshen abin shi ne makara. Ku duba fa: malamin da ya ke tsawata wa yara saboda makara, ga shi yana shigowa ana waƙar rufe addu'a, yara duka sun juyo suna kallonsa. Sau biyu shugaban makaranta ya kira mai wannan rubutu ofishinsa. Bai yi faɗa ba, littafin sa hannu kaɗai ya buɗe ya nuna, amma kunyar ta fi ta faɗa zafi.

A ƙarshen wannan shekara wani abokin aikinmu, wanda ya daɗe yana koyar da lissafi, ya ajiye aiki. Ya ce ba zai iya ci gaba da cin bashi domin ya zo aiki ba. 'Yan aji shida suka yi zango guda ba malamin lissafi, ga jarrabawa a gabansu. Wannan ne ya tsorata mu, gama mun san in ba mu yi wata dabara ba, mu ma hanyar da za mu bi ke nan, yaran da aka danƙa mana kuma su ne za su sha wahala.

BARI MU ZAUNA MU YI LISSAFI

Cikin Bishara ta hannun Luka, sura 14, Ubangiji ya ba da misalin mutumin da ya ke so ya yi gini, ya nuna cewa mai hankali yakan fara zama ya auna ƙarfin aljihunsa tukuna. Ko da ya ke zancen bin Almasihu ya ke yi a wurin, misalin ya nuna mana lissafi ba rashin bangaskiya ba ne. Sai muka zauna muka yi namu.

Muka ga tafiyar ma'aikaci kashi uku ce. Akwai daga ƙofar gida zuwa bakin titi. Akwai doguwar tafiya cikin bas a kan babban titi. Akwai kuma daga inda bas ta sauke shi zuwa wurin aiki. Abin mamaki shi ne, in aka auna da nisa, gajeren kashin nan na fari ya fi dogon tsada nesa ba kusa ba. Dalili kuwa a fili ya ke. Bas tana raba kuɗin mai a kan mutum goma sha wani abu, acaba kuwa a kan mutum ɗaya ko biyu ya ke ɗora nasa.

Bari mu ɗauki misali, kowa kuma ya sa farashin unguwarsu a maimakon namu. A ce ɗan acaba yana karɓar naira 300 da safe, naira 300 da yamma. Naira 600 ke nan a yini. Cikin kwanakin aiki 22 na wata ya zama naira 13,200. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na irin wannan albashi yana ƙarewa tun mutum bai ga bas ɗin da zai shiga ba. Ga malamin makaranta, zango mai mako 13 kwanakin aiki 65 ne, watau naira 39,000. Zango uku, naira 117,000. A ce kuma keke na hannu mai kyau ya kai naira 80,000, a ƙara kuɗin faci da gyara da na mai gadi. Duk da haka kafin shekarar makaranta ta ƙare keke ya biya kansa, abin da ya biyo baya kuwa na gida ne. Yau da gobe, in ji Hausawa, shi ya sa allura ginin rijiya.

Ba mu da kuɗin sayen kekuna huɗu gaba ɗaya, saboda haka muka shiga adashi tsakaninmu. Kowane wata mutum ɗaya ya ɗauka ya saya. A watan Janairu na 2024 na farinmu ya hau, kafin Ista ta wuce da nisa dukanmu mun samu.

DON ME BA MU TAFI DA KEKE HAR MAKARANTA BA?

Mutane da yawa sun yi mana wannan tambaya. Daga Sabon Tasha zuwa tsakiyar gari ya fi kilomita 10. Saurayi mai jini a jika zai iya, amma mutum mai shekara arba'in da wani abu, wanda zai tsaya gaban allo har ƙarfe biyu, in ya yi haka kullum zai isa aji a gajiye, rigarsa sharkaf da gumi. Ban da wannan, babban titi wurin manyan motoci ne, da tankokin mai masu fitowa daga wajen matatar mai, da 'yan bas masu tsayawa duk inda suka ga fasinja. A kan gada kuma ba wurin kaucewa.

Saboda haka muka raba aiki. Keke ya ɗauki hanyoyin unguwa, inda motoci ba su da yawa kuma ba sa gudu. Bas ta ɗauki babban titi. Kowa da inda ya fi amfani.

Ga yadda abin ya ke aiki. Mai tafiya da ƙafa yakan ci wajen kilomita 5 a sa'a guda. Mai keke, ba tare da ya wahalar da kansa ba, yakan ci wajen kilomita 15. Watau tafiyar da ta ke cin mana kusan minti arba'in ta koma minti goma sha biyu ko sha biyar. Akwai wata riba kuma da ba mu zata ba. Mai ƙafa dole ya tsaya a bakin titin da ya fi kusa da shi, ko da motoci suna wucewa cike. Mai keke kuwa yana iya ƙara minti biyar ya kai inda motoci su ke fara lodi, ya sami wurin zama. A 2025 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa manyan motocin bas masu aiki da iskar gas a kan manyan hanyoyin gari. Irin waɗannan ba sa shiga lungu, suna da wuraren tsayawarsu. Wanda gidansa ya ke nesa da wurin tsayawa, keke ne zai kusantar da shi.

KEKE BA BAƘO BA NE A GIDANMU

Da muka fara, waɗansu sun yi mana dariya. Wani matashi ya ce, “Malam, an koma ƙauye ke nan?” Ba mu ji haushi ba, gama bai san tarihi ba.

Ku tambayi tsofaffin ekklesiyarku yadda Bishara ta kai garuruwansu. Da yawa za su gaya muku wani mai bishara ne ya zo a kan keke, da Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi ɗaure a kariya, ya ƙetare rafi ɗauke da keken a kafaɗa. Malaman makaranta da ma'aikatan asibitin mishan haka su ka yi ta yawo. A zamanin nan mai keke Raleigh, wanda a ke ƙerawa a Nottingham ta Ingila, babban mutum ne a gari. Kasuwarsa ta yi ƙarfi har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo ya cika ko'ina.

Abin da ya rage wa keke daraja shi ne zamanin yalwar kuɗin mai. A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, a zamanin Janar Yakubu Gowon. A wannan shekara kuma masana'antar Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kakuri, nan Kaduna. Mai keke ya sayi babur, mai babur ya fara mafarkin mota. Tun daga lokacin aka fara ganin keke kamar shaidar talauci. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, har ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja. Wata rana mota ta ture shi ya faɗa lambatu, mutane suka mai da abin abin dariya. Amma darasin da ya kamata a ɗauka shi ne, titunanmu ba a yi su da tunanin mai keke ba. Laifin ba na keke ba ne.

Mu tuna kuma acaba ba abin dogara ba ne ko yaushe. An kafa dokar hana shi a Kano a 2013, a cikin garin Kaduna kuma a 2014, ko da ya ke ana hawa a lungunan unguwanni. Duk ranar da aka tsananta doka, ko mai ya yi wuya, wanda ya dogara gare shi ya tsaya. Keke kuwa ba ya bin layin gidan mai.

YADDA A KE YI A ƘASAR HOLAN

Domin kada a ce dabarar matalauta ce kaɗai, bari mu leƙa wata ƙasa mai arziki. A Holan kekuna sun fi mutane yawa. Wajen mutum huɗu cikin goma na masu shiga jirgin ƙasa, a kan keke su ke zuwa tasha. A tashar birnin Utrecht an gama gina ma'ajiyar kekuna a 2019, hawa uku, mai ɗaukar keke 12,500. Mutum ya ajiye nasa ya shiga jirgi. In ya sauka a wancan gari, akwai kekunan haya a tasha, tsarin da aka fara tun 2003, ya ɗauka ya kai wurin aiki, ya mayar da yamma.

Ba haka su ke tun asali ba. Su ma sun taɓa barin keke su ka rungumi mota. A 1971 mutum wajen 3,300 su ka mutu a haɗarin hanya a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye su ka tashi su ka yi ta kuka ga hukuma. Sa'an nan ƙarancin mai na 1973 ya zo, har gwamnati ta hana hawa mota ran Lahadi na 'yan watanni. Waɗannan abu biyu, jinin yara da wahalar mai, su ne su ka sa aka fara yi wa masu keke hanyarsu dabam. Ashe wahala takan zama makaranta, in mutane sun yarda su koya.

INA ZA A AJIYE KEKEN?

Mu ba mu da ma'ajiya mai hawa uku, a nan kuwa babbar matsalar ta ke. Za mu faɗi gaskiya, mun yi hasara kafin mu yi hankali. Ɗaya daga cikinmu ya riƙa ɗaure kekensa a jikin wani ƙarfe a bakin titi da ƙaramin kwaɗo na araha. A mako na uku ya sauko daga mota da yamma ya tarar da ƙarfen kaɗai. Ga adashi bai gama zubawa ba. Daren nan bai iya cin tuwo ba. Sauranmu mu ka haɗa abin da ya sawwaƙa, 'yan ƙungiyar mazan ekklesiyarsu su ka cika, ya sake saye bayan wata biyu.

Bayan wannan mu ka tafi wurin faston wata ekklesiya wadda ta ke kusa da bakin titi, ko da ya ke ba a nan mu ke sujada ba. Mu ka ce, “Baba, ga harabarku da katanga da mai gadi, daga Litinin zuwa Jumma'a ba kowa ciki. Ko za a ba mu gindin bishiya ɗaya?” Ya ce zai kai maganar gaban dattawa. Dattawa su ka yarda bisa sharaɗi uku. Kowa ya rubuta sunansa da kamannin kekensa a littafin mai gadi. Kowa ya zo da sarƙarsa da kwaɗonsa. Kowa kuma ya ba mai gadi ɗan abin sabulu a ƙarshen wata. Wani ɗan'uwa mai walda ya kafa mana bututun ƙarfe a ƙasa da siminti. Da mu huɗu aka fara, yanzu har da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa da ɗalibai.

Wanda babu ekklesiya kusa da inda ya ke shiga mota, ya nemi mai shago ko mai faci wanda ya ke wurin tun safe har dare. Ɗaya daga cikinmu, da ya sake gida, wurin wani dattijo Musulmi mai faci ya ke ajiye nasa. Kowace safiya suna gaisawa, “Baba, ina kwana, ina gajiya?” shi kuma ya ce, “Malam, a sauka lafiya.” Ran da ɗan Baban ya kwanta ciwo, malamin ya je dubiya har gida. A gari irin namu, wanda ya sha ganin tashin hankali, irin wannan gaisuwa ba ƙaramin abu ba ce.

In za ku ɗaure keke, ku zura sarƙa ta cikin jikin keken da ƙafar baya, ku haɗa da abin da ba ya tumɓukewa. Kada ku ɗaure ƙafar gaba kaɗai, gama ana kwance ta cikin minti ɗaya. Ku sayi kwaɗo mai nauyi. Keke mai ƙyalli yana kiran ɓarawo, tsoho mai lafiya ya fi kwanciyar rai. Akwai kuma irin keken nan mai naɗewa wanda a ke samu a wurin masu sayar da na hannu. Ana iya shiga mota da shi, amma ku yi ciniki da yaron mota tun kafin ku hau, gama yana iya cewa kaya ne.

TSORON UWARGIDA

Ran da mai wannan rubutu ya kawo kekensa gida, uwargida ba ta yi murna ba. Ta ce, “Malam, gara mu sha gari da ruwa da a kira ni asibiti. In wani abu ya same ka, wa zai riƙe yaran nan?” Ba mu da amsa nan da nan, gama gaskiya ta faɗa. Bisa ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, mutum wajen miliyan 1.19 su ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya da ƙafa ne da masu keke da masu babur.

Maigida, kada ka ce mata ba ta da bangaskiya. Ka zauna da ita ku yi shawara. Mu abin da mu ka yi shi ne, ran wata Asabar mu ka taka hanyar tare da ƙafa, ta ga inda za a bi da inda za a kauce. Sa'an nan mu ka yi mata alkawari a kan waɗannan abubuwa, har yau kuwa muna riƙe da su:

1. Ba za mu hau babban titi ba. In ya zama dole a ƙetare, sai a sauka a tura keke.

2. Za mu bi hannun dama, yadda motoci su ke bi a ƙasarmu tun 1972. Bin hannun da ba naka ba domin gajerta hanya shi ne neman mutuwa.

3. Kowace safiya za mu matsa birki biyu, mu taɓa tayoyi, kafin mu hau.

4. Za mu sa fitila fara a gaba, ja a baya. A watan Janairu rana ba ta fitowa a Kaduna sai wajen bakwai saura, ga hazo. Mai fita ƙarfe shida cikin duhu ya ke tafiya. Riga mai haske ta fi baƙa.

5. Za mu sa hular kwano, ko ana dariya.

6. Ba za mu ratsa ta gefen babbar mota ba sa'ad da ta ke shirin juyawa, gama direbanta ba ya ganin abin da ke kusa da tayarsa.

7. Ba waya a kunne, ba kaya rataye a hannun keke. Jakar littattafai a ɗaure ta a kariya.

Kowace safiya kuma, bayan addu'ar iyali, ƙaramar 'yarmu ce mai danna ƙararrawa kafin a fita. Ita ta ba kanta wannan aiki.

DAMINA DA HUNTURU

Ba za mu ruɗe ku ba, akwai ranakun da keke ba ya daɗi. A watan Agusta hanyoyin unguwa sukan zama taɓo. Dole keke ya kasance da madigadi gaba da baya, in ba haka ba bayan rigarka zai ba da labarin hanyar da ka biyo. Muna ajiye rigar ruwa da leda babba ta rufe littattafan yara. Birki ba ya kamawa sosai in ya jiƙe, saboda haka a rage gudu. Ran da ruwa ya yi yawa mukan bar keke a gida mu biya kuɗin abin hawa. Ba a yi rantsuwa da keke ba. Kada kuma kowa ya shiga ruwa mai gudu, ko da ya ga bai kai gwiwa ba.

Da hunturu ƙura takan cinye sarƙa. A goge ta a ɗiga mata mai kowace Asabar, a rufe hanci da ƙyalle, a shafa man kaɗe a leɓe da hannu. Da bazara a fita da wuri, a tafi a hankali, a riƙe gorar ruwa. Mukan ajiye riga ɗaya gogaggiya a makaranta saboda ko-ta-kwana. Famfo ƙarami da kayan faci kada su rabu da jaka.

MATA DA YARA FA?

Malamar da ke cikinmu ta fi mu shan surutu. Waɗansu su ka ce bai dace da matar aure ba. Ita da mijinta su ka yi shawara su ka yarda, ta sayi irin keken mata wanda ba shi da ƙarfe a tsakiya, ana hawa da zane ko dogon siket ba tare da wata damuwa ba. Da ma ita ta fi mu wahala, gama sai ta shirya yara ta ɗora abinci kafin ta fita. Minti ashirin da biyar da ta samu kowace safiya ya fi mata kuɗin daraja. Yanzu mata biyu daga zumuntar mata sun bi sawunta.

Game da yara, shawararmu ita ce kada a sake su su kaɗai inda motoci su ke, sai an tabbata sun iya birki, sun iya duba baya, sun san hannu. Uba ya bi su a baya na 'yan makonni tukuna.

ABIN DA MU KA SAMU

Keke bai mai da mu masu arziki ba. Kuɗin bas yana nan, tsadar abinci tana nan. Amma tun da mu ka fara, ba wanda shugaban makaranta ya sake nuna wa littafin sa hannu, ba kuwa wanda ya ajiye aiki cikinmu. A gidan mai wannan rubutu abin da aka tsira da shi ya biya kuɗin jarrabawar babban ɗanmu ba tare da bashi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Minti 15 da safe, minti 15 da yamma, kwana biyar, ga shi ya cika daidai. Jikin nan amana ce a hannunmu, haka kuma kuɗi da lokaci.

Muna roƙon fastoci da dattawa: in ekklesiyarku tana kusa da babban titi, ku duba ko akwai gindin bishiyar da za ku ba masu keke. Ƙarfe ɗaya da buhun siminti ɗaya sun isa. Kada ku tambayi mutum inda ya ke sujada kafin ku karɓi kekensa. Muna roƙon hukuma kuma, duk inda aka gina wurin tsayawar bas, a tuna da wurin ɗaure keke. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni ta zama ranar keke tun 2018. Zai yi kyau ƙungiyoyin matasanmu su ɗauki Asabar mafi kusa da ita su koya wa yara gyaran keke da dokokin hanya.

Ga iyalai kuwa, a daren nan in yara sun kwanta, ku ɗauko takarda da fensir. Ku raba tafiyar maigida ko ta uwargida kashi uku, ku rubuta kuɗin kowane kashi da lokacin da ya ke ci. Mai yiwuwa ku ga dabararmu ba ta dace da ku ba, watakila saboda ciwon gwiwa, ko hanya marar kyau, ko rashin wurin ajiya. Ba laifi. In kuwa ta dace, ku leƙa bayan ɗakin Baba a ƙauye. Wa ya sani, ko tsohon Raleigh ɗin nan yana nan rataye, taya biyu da ɗan mai kaɗai ya ke jira.

Ubangiji ya kiyaye ku a hanya, ya mai da ku gida lafiya wurin iyalanku. Amin.